Amalanken Bature a hanyar Daura

Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Beljiyam ya san ƙarfen nan mai dunƙulallen kai da yake leƙowa a ƙarƙashin bambar baya. Tawa ma tana da shi. Shekara shida ina hawan Peugeot 406 ɗin nan, amfanin da na san ƙarfen yana yi bai wuce biyu ba: ya hana ɗan acaɓa shige mini bamba, sannan ya doki ƙaurin duk wanda ya zo ɗaukar kaya a but. Sai bara, cikin hunturu, na yi amfani da shi a kan abin da aka ƙera shi dominsa, kuma saura ƙiris in bar motar a gonar wani bawan Allah tsakanin Muduru da Mashi.

Inna ce dalilin tafiyar. Mu 'ya'yanta muka haɗa kuɗi a sa mata sola a gidanmu na Daura, don bazarar da ta wuce ta ba ta wuya ƙwarai, fanka kuwa sai dai ado. Ni da nake Katsina aka ɗora wa saye da kaiwa. Na sayi faranti shida, batura huɗu irin dogayen nan masu ruwa, inbata, wayoyi, da siminti buhu biyu na kafa ƙarafa. Da na je tasha neman a-kori-kura, kuɗin da direban ya yanka mini sai da na tambaye shi ko Agadas ya ji na ce. A nan ne maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da motoci, ya ce me zai sa in wahalar da kaina, ga 'yar tirela nan a garejinsa tana shan rana tun da ta biyo wasu motoci daga Kwatano.

"Ɗauka ka kai, Malam. Ba ta cin mai, ba ta cin ciyawa."

Akwatin ƙarfe ce da ba ta fi mita biyu ba, a kan ƙananan tayoyi guda biyu. A gaba tana da dogon wuya, a ƙarshen wuyan akwai baki da yake haɗiye dunƙulen ƙarfen nan na mota ya kulle. Ba ta da birki ko kaɗan. A jikin wuyan an manna wani guntun gwangwani da aka buga wa 750 kg, wato iyakar nauyinta ke nan, ita da abin da ta ɗauka. A ƙofar baya kuma akwai wani tambari zagayayye, fari, an rubuta 100 da baƙi, ya koɗe amma yana karantuwa. Yaran unguwa da suka ga na jawo ta suka raɗa mata amalanken Bature, sunan kuwa ya bi ta.

Ranar Asabar da yamma muka yi lodi, ni da ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 19 da yake karatu a nan Katsina, wanda a ganinsa duk motar da ba a ƙure wa maleji ba an zalunce ta. Muka jera farantan a gaba, muka sa tsohuwar katifa a tsakaninsu, siminti a gefe. Baturan ba su iso ba sai Lahadi da safe, mai shagon ya yi ta cewa yanzu-yanzu. Da suka zo, inda ya rage fili nan aka sa su, wato can ƙarshen baya, jikin ƙofa. Kowane ɗaya ya kusa kilo 60, sai mutum biyu suke ɗaga shi. Muka ɗaure da igiya tamau, na koma gefe na dubi motar. Bayanta bai zauna ba ko kaɗan, kai har kamar ma ya ɗan ɗago.

"Kawu, ka ga ko a jikinta," in ji yaron.

Na ji daɗi, wallahi. Ashe abin da ya kamata ya tsayar da ni ke nan, ni kuma shi nake yi wa murna.

Wajen ƙarfe tara muka bar gari. Katsina zuwa Daura kilomita 80 ce, ko da 'yar ɗoriya, kuma na bi ta sau ba adadi. Awa guda nake yi, wani lokaci ƙasa da haka in na sami hanya. A cikin gari ban ji komai ba sai ƙarar ƙarfe idan muka hau tudun rage gudu. Muka wuce filin jirgi, hanya ta koma falle ɗaya, masu zuwa da masu dawowa a kan kwalta guda. Hazo ya sauka, ba mai yawa ba, iska tana kaɗowa daga hagu. Ranar Lahadi ce, kasuwar Mai'adua tana ci, saboda haka 'yan Golf da masu Sharon sun cika hanya, kowa yana sauri kamar an ce masa shi kaɗai ake jira a fara ciniki.

Na fara da 60. Babu komai. Na kai 70, nan ma lafiya lau, in ba don madubi ba sai in manta ina jan wani abu. Wata Golf ta manne mini a baya tana ba ni wuta tana danna hon, da ta samu ta wuce yaron motar ya leƙo ya watsa mini hannu. Abin ya sosa mini rai fiye da yadda ya kamata ya sosa wa mutum mai furfura.

"Kawu, an fa rubuta 100 a jikinta. Su da suka ƙera ta ai sun fi mu sani."

Na ƙara taka totur. Allura ta wuce 80, tana neman 85.

Bayan Muduru akwai wani wuri da hanya take ɗan gangarawa, gangaren da in kana tafe haka nan ba za ka ma lura da shi ba. Daidai nan wata babbar mota ta taho daga gaba, ta wuce mu da iskarta, fuu. Na ji kamar wani ƙato ya sa kafaɗa ya ture bayan motar. Ta koma daidai, sai kuma na ji an ture ta ta ɗaya gefen. Na ɗaga ido na dubi madubin hagu, na ga amalanken Bature gaba ɗayanta ta leƙo, har ina ganin katifa. Ta ɓace, ta ɓullo a madubin dama. Kowace leƙowa ta fi ta baya faɗi. Tayoyi suka fara kuka. Sitiyari ya yi sakwaf a hannuna, kamar ba a haɗe yake da komai ba.

Abin da ƙafata ta fara yi shi ne taɓa birki, kuma nan take abin ya ƙaru, na ji gaban motar yana neman juyawa ya kalli Katsina. Na ɗauke ƙafar. Ba don ilimi na ɗauke ta ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Tsoro ne ya kashe ta, ta kasa taka komai. Hannuwana suka sandare a kan sitiyari, yaron yana ta innalillahi da ƙarfi, muryarsa ta koma ta ɗan shekara bakwai. Motar ta riƙa rage gudu da kanta. Wajen 65 rawar ta fara lafawa, kafin 50 ta mutu gaba ɗaya, amalanke ta dawo tana bin mu salun-alun kamar ba ita ba. Na lallaɓa na sauka gefen kwalta. Da na fito, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, sai da na zauna a kan kwalbati.

Wata tifa da take bayanmu ta tsaya can gaba, direban ya sauko yana tahowa da silifas. Yaro ne, bai fi shekara 25 ba, da asuwaki a baki. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Baba, kai ne da wannan? Tun can nake kallon wutsiyarka tana kaɗawa, na ja baya na ce yau sai mun kwashi mutane. Waye ya yi maka lodi?"

Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi baturan, ya tofar da asuwaki. Ya sa ɗan yayata ya kawo duwatsu aka tare tayoyin amalanke gaba da baya, ya ce mu matsa, ya kama marfin bakin nan ya buɗe. Wuyan ya yi sama da kansa, fit, kamar an saki reshe, gindin ya doki ƙasa. Ashe tun daga Katsina ba danne bayan motar take ba, ɗaga shi take yi.

"Ka gani? Kaya a gaban taya ake sa su, Baba. Mai nauyi a ƙasa, saitin taya ko ɗan gaba da ita. In ka ɗaga wuyan nan da hannu ɗaya, lodin banza ne. In kuma ku biyu kuka kasa ɗagawa, ya yi yawa, gaban motarka zai yi sama. Ka ji shi kamar buhun siminti."

Muka sauke komai a bakin hanya, cikin iska da ƙura. Batura uku suka dawo saitin tayoyi, ɗaya gabansu kaɗan, duk a tsaye saboda ruwansu, siminti a gaba, farantai a bisa katifa. Na kama wuyan da hannu biyu, ya ɗagu amma sai da na yi nishi. Da aka mayar da shi, bayan motar ya ɗan zauna kamar yatsa biyu. Ya dubi sarƙar da na naɗe a jikin wuyan don kada ta ja ƙasa, ya warware ta ya maƙala a jikin ƙarfen motar, ya ce ba ado ba ce, ita ce za ta riƙe amalanke in baki ya kuɓuce, kada ta tafi ita kaɗai ta sami masu tahowa. Na miƙa masa kuɗin goro, ya ƙi karɓa, ya ce in dai yi masa alƙawarin ba zan wuce 60 ba. Ban ko tambayi sunansa ba.

Daga baya na zauna na bi abin a hankali, don ni malamin makaranta ne, ba na son abu ya kusa kashe ni ban san sunansa ba. Tirela mai taya biyu kamar guga ce cike da ruwa a bakin igiya. In aka taɓa ta za ta yi lilo. Tambayar ita ce lilon zai mutu da kansa ko zai riƙa girma. Kowace mota da abin da take ja suna da wani gudu wanda ƙasa da shi lilo mutuwa yake, sama da shi kuwa ƙaruwa yake, kuma ba a rubuta wannan gudun a ko'ina, domin lodi ne yake yanke shi. Nauyi a gindi yana jawo shi ƙasa, haka taya maras iska, haka gangara, haka kaya masu tsayi da iska take samun wurin dafawa. Nawa a safiyar nan yana tsakanin 70 da 85, kuma na tsallake shi ban ji komai ba, sai da babbar mota ta zo ta taɓa gugar. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan har yau: lafiya lau ɗin da na ji a 80 ba shaidar komai ba ce. Masu ƙera irin waɗannan suna cewa kamar kashi 60 cikin 100 na kaya ya kasance gaban tayoyi. Nauyin da zai sauka a kan ƙarfen mota kuwa, a Amurka sukan ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar, a Turai sun fi yin ƙasa da haka, kamar 5 zuwa 7. Namu lodin duka-duka ya kai kilo 600 da wani abu, ka ga buhun simintin yaron tifa bai kauce ba. Maganin rawar in ta fara shi ne abin da tsoro ya yi mini kyauta: ka ɗauke ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi ta kana gyarawa, kada ka danna birki da ƙarfi. Akwai masu cewa a ƙara wuta ta miƙe. Gudu ne ya kawo ta, ban ga yadda ƙarin gudu zai kore ta ba.

A Mashi na tsaya wajen mai faci. Dattijo ne, yana zaune a ƙarƙashin dalbejiya da rediyo a kunne. Ya auna tayoyin amalanke, ɗaya tana da iska, ɗaya ta yi ƙasa sosai, alhali da ido duk ɗaya suke. Ya shafa gefensu da babban yatsa ya nuna mini tsagar da ta yi musu zane kamar faso. Sannan ya ɗora bayan hannunsa a kan cibiyar tayar dama, ya janye da sauri.

"Alhaji, taɓa nan."

Na taɓa. Ta hagu ɗumi kawai, ta dama kuwa kamar murfin tukunya. Ya kira wani bakanike da yake kusa, aka ɗaga, aka cire marfin, sai ga giris ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Allah Ya sa boris ɗin bai ci kansa ba. Aka wanke da fetur, aka cusa sabon giris, aka ɗaure. Bakaniken ya ce abin da mutane ba sa lura da shi, ƙaramar taya ta fi babba wahala a tafiya ɗaya. Gaskiya ne kuwa: tayar motata inci 15 ce, ta amalanke inci 10, saboda haka duk juyi goma da ta mota ta yi, ita sai ta yi kusan sha uku. Kai kana ganin 80 a maleji, ita a wajenta abin ya wuce haka.

Ɗan yayata ne ya gano lambar. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a cikin wani ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Namu 2314 aka rubuta, mako na 23 a 2014. Sun haura shekara goma, yawancinta a tsaye cikin rana. A nan ne kuma labarin tambarin nan na 100 ya ƙare, ko da yake sai daga baya na san cikakkensa. Na Jamus ne. A can, mai jan irin wannan tirela iyakarsa kilomita 80 a awa, har a kan manyan titunansu. Sai an kai ta an duba, ta cika sharuɗɗa, sannan a ba ta wannan tambari, a yarda ta yi 100 a kan titunan da aka keɓe wa motoci kaɗai, inda babu jaki babu akuya. Cikin sharuɗɗan akwai cewa tayoyinta kada su wuce shekara shida. Wato ko a ƙasar da aka manna shi, tambarin ya daɗe da mutuwa. Mu kuma muka ɗauke shi kamar fatawa.

Na tambayi mai faci ko za a sami irin tayar, ya yi dariya, ya ce sai dai Kano. Safaya fa? Babu. Ban taɓa ma tunanin amalanke tana bukatar tata safayar ba, kuma ta mota ba za ta shiga ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saura kamar rabin hanya. Na tsayar wa kaina 50, in hanya ta yi kyau babu kowa in taɓa 55. Ba ni na ƙirƙiro lambar ba. Kundin dokokin hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa take bugawa yana da jadawalin gudu: ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya irin wannan, 100 a babban titi na musamman. Tanka da tirela 45, 50, 60. Motar ja kuma, muddin tana jan wata, 45 ce ko'ina. Mai 406 da amalanke a baya yana iya cewa shi ƙaramar mota ce, 80 tasa ce. Ni dai bayan abin da na gani, na sa kaina a layin masu tirela, ban kuma ji an rage mini daraja ba.

To, ƙarya nake. Na ji. Abin da ya fi komai wuya a tafiyar nan ba lodi ba ne, ba boris ba ne, kunyar tafiya a hankali ce. A hanyoyinmu mai tafiya da 50 kamar mai laifi ne. Hon ta ko'ina, wuta a madubi, wani in ya zo wucewa sai ya rage gudu ya daidaita da kai don kawai ya ga fuskar wanda yake wannan abin kunya. Wani ya ce in sayar in sayi jaki. Wata Hajiya a bayan Sharon ta yi mini kallon tausayi, wanda ya fi zagin ciwo. Sau uku ina jin ƙafata tana sauka a kan totur ba da izinina ba. Dabarar da na samu ita ce, duk lokacin da motoci huɗu ko biyar suka taru a bayana, in na ga wuri mai faɗi kuma gefen kwaltar ba mai gaɓa ba ne, sai in sa sigina in sauka su wuce. Wanda ka tare wa hanya shi ne yake yin wucewar ganganci, kuma in ta ɓaci har da kai za ta ɓaci. Kowace tsayawa kuma sai yaron ya fita ya ja igiyoyi, ya taɓa cibiyoyin taya da bayan hannu. Igiya ta saki sau biyu.

Lissafin kuwa ba shi da yawa. Kilomita 80 da gudun 80 awa guda ce. Da gudun 60, awa ɗaya da minti 20. Da gudun 50, awa ɗaya da minti 36. Abin da na nemi sayar da raina da na ɗan mutane a kansa bai wuce minti 36 ba, lokacin da nake ɓatawa a wajen mai shayi ba tare da na sani ba.

Akwai kuma abin da 50 take nuna maka. Shekara nawa ina bin hanyar nan, ban taɓa lura da yawan gawon da ke gonakin bayan Mashi ba, sun yi kore shar a tsakiyar rani lokacin da kuka ta zubar da komai ta tsaya tsirara. An gama girbi, an jingine karan gero tsibi-tsibi, shanu suna kiwo a cikin gonaki. Can gefe ga aikin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021. Tudun jan ƙasa ya miƙe kamar ganuwa, tifofi suna hawa kwalta suna sauka da ƙura a bayansu. Yaron ya yi shiru tun daga Mashi, sai can ya ce, "Kawu, ashe akwai gari a nan."

Kafin Shargalle aka gwada ni gwaji na biyu. Garken awaki ya faɗo hanya daga dama, wata 'yar yarinya tana bin su da tsumagiya. Na hango su da nisa, na saki totur, na sauko giya, na taka birki a hankali ina ƙarawa. A nan na ji abin da ake nufi da tirela maras birki: wani nauyi ya taho daga baya yana tura mu, motar tana cewa tsaya, amalanke tana cewa mu je. Birkin da aka yi wa mota ita kaɗai, yau an ƙara masa fiye da kilo 600. Muka tsaya da tazarar da ba ta fi tsawon mota biyu ba tsakaninmu da akuyar ƙarshe. Mai tafiya da 80 yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, mai 50 kuwa kusan 14, kuma nisan da birki yake bukata ba bin gudu yake ɗaya bayan ɗaya ba: in gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake. Da 85 ɗin ɗazu nake, da ba awaki kaɗai zan biya ba. Tun daga nan na ƙara buɗe tazara tsakanina da duk motar da ke gabana, ina ƙirga daƙiƙa biyar, ko da yake da ka buɗe sai wani ya shigo ya cike.

A Shargalle wani mutum da rago ya tsayar da mu, ya ga fili a bayan amalanke, yana so mu rage masa hanya shi da ragon, zai sauka Daura ya nemi motar Mai'adua. Na ce ya shigo mota, ragon dai babu wuri. Ya ce ai shi a bayan ma ya fi so, ya sha iska. Na ce ba a ɗaukar mutum a nan. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa marowaci, ya ja ragonsa.

Ana kiran azahar muka shiga Daura, tafiyar awa guda ta zama ta huɗu da wani abu in an haɗa da sauke kaya da gyara. Gidanmu yana cikin tsohon gari, ba nisa da rijiyar Kusugu, kuma lungunan can ba a yi su don mota ba balle mota mai wutsiya. A kwanar farko na manta cewa amalanke tana yanke kwana fiye da mota, tayarta ta hau dakalin wani gida, sai da na fito na ba da haƙuri. A ƙofar gida kuma aka zo ja da baya. In na juya sitiyari dama, ta tafi hagu. In na gyara, ta naɗe ta nufo bamba kamar za ta cije ta. Sau biyar ina gwadawa, mata suna leƙe ta zaure, wani tsoho a kan tabarma yana ba ni umarni da sanda. Daga ƙarshe na kashe mota, muka tare tayoyi, muka kwance ta, yara kamar goma suka tura ta har ƙofar zaure cikin minti ɗaya suna ihu. Amalanke dai ta koma amalanke.

Inna tana zaune a tsakar gida da carbi. Ta ce tun hantsi take sa a leƙa. Na ce hanya ce ta yi cunkoso. Ta dubi jikanta, wanda har lokacin fuskarsa ba ta gama dawowa ba, ta ce, "Kai kuma me ya same ka, ko kawun naka ya hana ka abinci?" Ya ce a'a, Inna, hazo ne. Ba mu ƙara cewa komai ba, aka kawo fura.

Washegari mai haɗawa ya zo ya yi aikinsa, da magariba fanka ta juya, duk da sanyin da ake yi sai da Inna ta sa aka bar ta tana juyawa don maƙwabta su shigo su gani. Ranar Talata muka juyo. Na ɗauka komawa ba kaya zai fi sauƙi, ashe amalanke in babu komai a cikinta tsalle take kamar ɗan maraƙi, kowane rami sai ta tashi sama ta dawo da ƙara. Buhun gero biyu da Inna ta ba mu, waɗanda na sa a but, na tsaya a bakin gari na mayar da su cikinta, ɗan gaba da tayoyi, na ɗaure. Ta natsu. Ban wuce 60 ba har Katsina, kuma da rana tsaka muka taho, don a Daura ne na gano fitilar bayanta ɗaya ce kawai take kamawa.

Da na mayar wa Alhaji kayansa na ba shi labari tun daga Muduru, na ce tayoyin nan sun mutu, a nemo sababbi da safaya kafin a ƙara ba wani aro. Ya saurara yana murmushi, ya ce shi har Funtuwa ya taɓa kai ta da ɗari bai ga komai ba. Na ce to ko tambarin nan ne a ɓamɓare, kada ya ruɗi wani.

"A'a, Malam, bar shi. Ai shi ne yake nuna 'yar Jamus ce. In ka cire, me zan nuna wa mai saye?"

A ƙarƙashin tambarin, ɗan yayata ya riga ya rubuta 55 da gawayi tun a Daura, manya-manya. Ina fita daga garejin na waiwaya, na ga yaron Alhaji ya kawo bokiti da soso.